Sikanin bai ga ƙari a pankiriyas ba, amma bututun madaciya ya buɗe: me takardar ke nufi?

Wani ɗan'uwa daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya a kan mahaifinsa, dattijo mai shekara 64. Mako uku ke nan idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, bayan gidansa ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayin jiki da ke hana shi barci. Ya rame, kuma wata shida da suka wuce aka ce masa yana da ciwon suga, alhali da can ba shi da shi. An yi masa sikanin ciki, wato hoton da ake ɗauka da sauti (ultrasound). Takardar ta ce iskar hanji ta rufe pankiriyas ba a gan shi sosai ba, babban bututun ruwan madaciya ya kai milimita 14, madaciya ta cika ta kumbura, babu tsakuwa a cikinta. Likita ya ce a yi hoton CT, wato hoton X-ray na kwamfuta da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, don yana zargin ciwon daji. Ɗan'uwan kuma yana tambaya: tunda sikanin bai ga ƙari ba, me ya kawo zancen daji, kuma ko a fara gwada maganin shawara na gargajiya tukuna?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ku yi hoton CT a cikin makon nan in da hali, ku kuma ajiye jiƙe-jiƙen. Abin da takardar ta faɗa shi ne ba a ga wurin ba, kuma wannan daban yake da a ce an duba wurin an same shi lafiya. Abin da aka gani a kewaye kuwa, wato bututu mai milimita 14 da madaciyar da ta kumbura ba tsakuwa, ya isa ya sa kowane likita ya tashi tsaye.

Sai an san inda wannan gaɓa take kafin a gane dalili. Mutane da yawa suna ɗaukar pankiriyas a matsayin saifa ko madaciya, kuma ba ko ɗaya ba ne. Wata tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, kwance a gicciye can bayan tumbi, ta jingina da ƙashin baya. Tana da kai, wuya, gangar jiki da wutsiya. Kan yana dama, farkon ƙaramin hanji ya zagaye shi kamar rawani, wutsiyar ta miƙe hagu har gindin saifa. Aikinsa biyu ne. Mafi yawan tsokar tana yin ruwan narkar da abinci, fiye da lita ɗaya a rana, wanda ke bi ta wani siririn bututu da ya ratsa tsakiyarsa daga wutsiya zuwa kai. Ɗan abin da ya rage, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, shi ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Ga kuma abin da ya shafi Baba kai tsaye: bututun da ke ɗauko ruwan madaciya daga hanta, ƙarshensa yana bi ta cikin kan pankiriyas ne kafin ya haɗu da bututun pankiriyas su zuba a hanji ta ƙofa ɗaya. Duk abin da ya tsiro a kan, ko da bai wuce girman gyaɗa biyu ba, yana iya matse magudanan nan guda biyu.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon dajin pankiriyas daga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin bututun yake farawa, kuma kashi 60 zuwa 70 a kai yake fitowa. Ba dare ɗaya yake zama daji ba. Da farko wata ƙwayar gado mai suna KRAS ce ke lalacewa. Aikinta shi ne ba ƙwayar halitta umarnin ta hayayyafa, sannan ta yi shiru. In ta lalace sai ta maƙale a kunne, kamar famfon da ya ƙi rufuwa, kuma ana samun wannan lahani a fiye da kashi 90 na masu cutar. Shi kaɗai bai isa ba, domin akwai masu taka birki: CDKN2A, TP53 da SMAD4. Sai wasu daga cikinsu sun bi sun lalace ɗaya bayan ɗaya sannan ƙwayoyin su fasa bangon bututu su shiga tsoka. Wani bincike da aka buga a 2010 daga jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya ƙiyasta cewa daga lahanin farko zuwa cikakken daji ana ɗaukar fiye da shekara 10. Duk tsawon shekarun nan canjin ƙarami ne da sai madubin likita ke ganinsa, ba hoton da ke kama shi, mutum kuma ba ya jin komai. Abubuwan da ke ingiza shi an san su: shan sigari, wanda ke ninka haɗarin kusan sau biyu, tsufa, ƙiba, kumburin pankiriyas da ya daɗe wanda yawanci giya ke jawowa, sai gado a kusan mutum ɗaya cikin 10.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan daji da ta bambanta shi da sauran, kuma ita ce ke bayyana yadda yake fitowa a hoto. Ƙwayoyin dajin suna sa tsokar da ke kewaye da su ta yi ta saƙa tabo mai tauri, har ya zama mafi yawan ƙarin tabo ne, ƙwayoyin dajin kuwa 'yan tsiraru ne warwatse a ciki. Tabon yana matse ƙananan jijiyoyin jini, don haka jini kaɗan ke shiga ƙarin. Daga nan abu uku ke fitowa. Ƙarin yana da tauri, ba ya ture bututu gefe kamar yadda ƙari mai laushi zai yi, shaƙe shi yake yi. Ba shi da iyaka tsararriya, yana kutsawa ne kamar saiwar bishiya. Maganin da aka ɗura ta jini kuma da ƙyar yake isa cikinsa. Ban da wannan, dajin yana son bin jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo, kuma akwai babban curinsu a bayan pankiriyas. Shi ya sa wasu ke fama da ciwo a ƙahon zuciya da ke sokawa har baya, wanda ke tsananta in an kwanta rigingine, ya lafa in an zauna an sunkuya. Da yawa sukan shafe watanni suna shan maganin olsa a kan wannan ciwo.

Alamomin Baba duk suna da fassara a nan. Ruwan madaciya ya rasa hanyar hanji, sai ya koma jini: ido ya yi ɗorawa, ƙoda ta fitar da shi fitsari ya yi duhu, bayan gida ya rasa abin da ke ba shi launi, fata ta kama ƙaiƙayi. Sabon ciwon suga ga wanda ya haura shekara 50 kuma yana ramewa abin lura ne. Mafi yawan masu sabon suga ba su da daji, kusan ɗaya cikin 100 ne ake samu da shi a cikin shekara uku, amma in shawara ta biyo baya lissafin ya canza.

Yanzu sikanin. Na'urar tana aika sauti mai saurin kaɗawa da kunne ba ya ji, megahaz 3 zuwa 5 ga cikin babban mutum, sannan ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa ta mai da ita hoto. Ruwa yana barin sauti ya wuce, sai ya fito baƙi. Kitse da tabo suna mayar da shi, su fito fari-fari. Iska kuwa bango ce: inda tsoka ta haɗu da iska, fiye da kashi 99 na sautin yake komawa baya, duk abin da ke ƙarƙashi ya zama inuwa. To pankiriyas yana kwance ne a bayan tumbi da babban hanji, waɗanda ba sa rabuwa da iska. Hanta da madaciya kuwa suna gaba, ba abin da ya tare su. Saboda haka sikanin gwani ne wajen ganin bututun da ya buɗe, amma yana da rauni wajen ganin abin da ya toshe shi.

Ana iya rage wannan matsala, kuma rabin aikin yana hannun mai jinya. A bar cin abinci awa 6 zuwa 8 kafin awon. Koko da ƙosai da safe, ko shayi da madara, suna lalata hoton ta hanya biyu: suna cika tumbi, kuma maiƙonsu yana sa madaciya ta matse ta zubar da ruwanta. Daren jajibiri a ci abu mara nauyi, a bar wake da shinkafa da lemon kwalba. Cingam da sigari suna sa haɗiyar iska. Mai ciwon suga irin Baba a nema masa layin safe, a kuma tambayi likita yadda za a yi da maganin sugansa, kada ya sha shi a kan yunwa suga ya faɗi.

Sauran rabin yana hannun mai awon. Wanda ya san aikinsa ba ya ɗora kan na'ura sau ɗaya ya rubuta cewa iska ta rufe. Zai sa kan na'urar a gicciye a ƙahon zuciya, ya ce a ja dogon numfashi a riƙe ko a turo ciki, domin ɓangaren hagu na hanta ya sauko ya zama taga. Zai danna a hankali na ɗan lokaci don iskar ta matsa gefe. In bai samu ba sai ya zaunar da mutum ko ya tsayar da shi, hanji ya sauka ƙasa, ko ya juya shi gefen hagu da na dama. Dabarar da ta fi amfani ita ce bayan an gama duba madaciya a ba mutum ruwa kimanin rabin lita, ledar fiya wata ɗaya ke nan, a jira 'yan mintoci kumfar ta kwanta, tumbin da ya cika da ruwa ya zama tagar da sauti ke ratsawa. Wutsiya kuma ana leƙo ta ne daga gefen hagu ta cikin saifa. Ko da an yi duk wannan, a mai ƙiba ko mai yawan iska wani ɓangare yakan ƙi fitowa, musamman wutsiya da ƙasan kai.

Da jijiyoyin jini ake gano pankiriyas, domin shi kansa ba shi da bango mai kauri. Ana neman jijiyar da ke ɗauko jini daga saifa, wadda ke bin bayansa a gicciye har ta haɗu da ta hanji su zama babbar jijiyar da ke shiga hanta. Abin da ke kwance a gabanta shi ne pankiriyas. A lafiyayyen mutum haskensa daidai yake da na hanta ko ya ɗan fi, yana ƙara fari da shekaru saboda kitse. Bututun tsakiyarsa siriri ne kamar zare: kimanin milimita 3 a kai, 2 a tsakiya, 1 a wutsiya. Babban bututun madaciya kuma bai kamata ya wuce milimita 6 ba, ana ɗan yi wa tsofaffi sassauci da kamar milimita ɗaya a kowace shekara 10 bayan 60, wanda aka cire wa madaciya kuma yana iya kai 10. Na Baba 14 ne, kuma madaciyarsa tana nan. Wannan toshewa ce.

In ƙarin ya fito, yakan zama wuri mai duhu fiye da tsokar da ke kewaye, gefensa ba tsari, in an kunna Dopla mai nuna gudun jini da launi ba a ganin jini sosai a cikinsa. Amma sau da yawa alamun gefe ne ke fara magana. Bututun pankiriyas ya wuce milimita 3, a bi shi sai a ga ya yanke kwatsam a wani wuri. Tsokar da ke bayan yankewar ta tsotse ta sirance. In bututun madaciya da na pankiriyas duka sun buɗe, likitoci suna kiran wannan alamar bututu biyu, kuma ana ɗaukarta a matsayin daji a kan pankiriyas ko a ƙofar hanji har sai an tabbatar da ba shi ba ne. Ƙananan bututun cikin hanta ma suna buɗewa su jeru gefen jijiyoyin jini kamar layin dogo. Ka duba takardar Baba ka ga ko an rubuta awon bututun pankiriyas. In ba a rubuta ba, gibi ne, kuma ya dace a tambaya.

Zancen madaciyar da ta kumbura ba tsakuwa tsohon ilimi ne. Tun 1890 wani likitan fiɗa ɗan Suwizalan mai suna Courvoisier ya lura cewa in mutum yana da shawara, madaciyarsa ta kumbura kuma ba ta ciwo, da wuya tsakuwa ce sanadi. Dalilin shi ne madaciyar da ta daɗe da tsakuwa bangonta yakan yi tabo ya ƙi miƙewa, kuma tsakuwa tana toshewa ne tana sakewa. Ƙari kuwa a hankali yake shaƙe hanya ba sakewa, sai lafiyayyar madaciya ta yi ta cika kamar balan-balan.

Duk da haka ba a yanke wa Baba hukunci da wannan takarda ba, kuma ina son ka riƙe wannan da kyau. Tsakuwa tana iya maƙalewa a can ƙarshen bututu inda iskar hanji ke ɓoye ta, masu sikila ma suna yawan yin tsakuwa. Ƙarin yana iya zama na ƙofar hanji ko na ƙarshen bututun madaciya, kuma na ƙofar hanji ya fi na pankiriyas jin fiɗa. Kumburin pankiriyas da ya daɗe yakan dunƙule ya yi kama da daji sak. Akwai nau'in kumburin da garkuwar jiki ke jawowa, wanda ƙwayoyin magani ke narkar da shi. A ƙasashenmu kada a manta da tarin fuka, domin yana kama kaluluwar da ke kewaye da kan pankiriyas ta kumbura ta danne bututu, kuma yana warkewa. Shi kansa mai awo yana iya ruɗewa: ya ɗauki lanƙwasar hanji a matsayin ƙari, ko bangon bayan tumbi ko jijiyar saifa a matsayin bututun da ya buɗe, in bai kunna Dopla ba. Alƙaluman da aka buga a kan yawan dajin da sikanin ciki ke kamawa sun bambanta ƙwarai, daga kusan rabi zuwa kashi 90, ya danganta da hannun mai awo, na'urar da jikin mara lafiya. Ƙarin da bai kai santimita 2 ba shi ya fi kuɓucewa, kuma shi ne wanda ake fatan kamawa domin shi ake iya cirewa.

Akwai tarko ɗaya da nake jin tsoronsa a Gana. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, don haka dattijo mai shawara yana iya yin gwaji a same shi da shi, kowa ya ce an gano dalili, a tsaya nan. Ciwon hanta ba ya buɗe bututu zuwa milimita 14. Gwajin aikin hanta ma yana rarrabewa: in toshewa ce, sinadaran jini masu suna ALP da GGT ne ke hawa sosai tare da bilirubin, abin da ke sa ido ɗorawa, in kuma kumburin hanta ne ALT da AST ke yin gaba.

Hoton CT da za a yi ba na ciki gama-gari ba ne. A ce likita ya rubuta a fili cewa na pankiriyas ake so. Ana ɗura ruwan rini ta jijiya, a ɗauki hoto siriri-siriri sau biyu: kamar daƙiƙa 40 zuwa 50 bayan ɗurawa, lokacin da lafiyayyar tsoka ta sha rini ta yi haske, ƙarin da ba shi da jini ya rage da duhu, sannan a kusan daƙiƙa 70 don a ga jijiyoyin da ke shiga hanta da hantar kanta. In aka ɗauka ba rini, ko sau ɗaya a makare, ƙaramin ƙari yana iya sajewa, kuɗi ya tafi a banza. Kafin rini sai an auna ƙoda, a kuma gaya musu in Baba yana shan maganin suga mai suna metformin. In za a saka masa ɗan bututun roba ko na ƙarfe don buɗe hanyar madaciya, ya fi kyau CT ya riga, domin bututun da kumburin da yake jawowa suna dagula hoton. In CT bai nuna ƙari ba alhali magudanan a buɗe suke, ba a tsayawa. Sai MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ko sikanin da ake yi daga ciki: a zura tiyo mai kyamara ta baki, a bakinsa akwai ɗan kan na'ura, a jingina shi da bangon tumbi da farkon hanji, pankiriyas na nan ƙasa da yatsa ɗaya ba iska a tsakani. Wannan yana ganin ƙarin da bai kai santimita ɗaya ba, kuma ta nan ake soka allura a ɗebo tsoka a auna. Ba kowane asibiti ke da shi ba, sai a tambayi likitan inda za a samu.

Za a iya ce muku a yi gwajin jini mai suna CA 19-9, wanda iyakarsa 37 ce. Kada ku dogara da shi. Toshewar madaciya kowace iri tana ɗaga shi ko babu daji, sannan akwai mutanen da jikinsu ba ya yin wannan sinadari sam, kuma sun fi yawa a baƙar fata, don haka nasu zai fito ƙasa ko da dajin ya girma. Amfaninsa ya fi yawa wajen bin yadda magani ke aiki.

Abin da ya sa nake matsa muku da gaggawa shi ne, cikin masu wannan cuta kashi 15 zuwa 20 ne kawai ake samu a lokacin da fiɗa za ta yiwu, kuma fiɗar ce kaɗai hanyar warkewa. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko dajin ya je hanta ko rufin ciki, da kuma yadda ya rungumi manyan jijiyoyin jinin da ke bayan wuyan pankiriyas. In ya zagaye fiye da rabin jijiyar da ke kai wa hanji jini, yawanci ba a fara da wuƙa. Wanda ƙarinsa ke kai kuma shawara ta tona shi da wuri ya fi mai na wutsiya sa'a, domin na wutsiya ba abin da yake toshewa, sai ya girma a ɓoye. Fiɗar da ake yi wa na kai, wadda ke ɗauke da sunan likita Whipple, babba ce: ana cire kan pankiriyas, farkon hanji, madaciya da ƙarshen bututunta, a sake haɗa hanyoyin. Aikin babban asibitin koyarwa ne. Ku karɓi takardar turawa zuwa ɓangaren fiɗa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Jii, ko Korle Bu in kuna da masauki a Accra. Ku tafi da hotunan kansu da faifan CT, kada ku tsaya ga takardar sakamako kawai, ku kuma tambaya tun farko abin da katin inshorar lafiya zai ɗauka da wanda ba zai ɗauka ba. Ko an ce fiɗa ba za ta yiwu ba, buɗe hanyar madaciya yana kawar da ƙaiƙayi ya dawo da cin abinci, akwai maganin daji na ɗurawa, akwai ƙwayoyin narkar da abinci, akwai maganin ciwo mai ƙarfi.

Game da jiƙo, babu saiwa ko ganyen da ke buɗe magudanar da aka shaƙe daga waje. Hantar Baba tana cikin wahala yanzu, wasu haɗe-haɗen kuma suna taɓa hanta da ƙoda, ƙodar da ake bukata lafiya kafin a ɗura rini. Haka nan kada a saya masa diclofenac ko ibuprofen a kemis. Rashin ruwan madaciya a hanji yana hana jiki tsotsar bitamin K, jini ya ƙi daskarewa da wuri, waɗannan magunguna kuma suna iya jawo zubar jini a tumbi. A roƙi likita ya auna daskarewar jininsa. In kafin ranar CT zazzaɓi da rawar sanyi suka kama shi, ko ya fara ruɗewa, ko bayan gida ya koma baƙi, ko amai ya ƙi tsayawa, kada a ce maleriya ce a jira gari ya waye. Ruwan madaciyar da ya tsaya yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta su shiga jini cikin awoyi, a kai shi ɓangaren gaggawa a daren, da takardar sikanin a hannu.